Sawun Gaba-dai

Yayana bai iya bin bayan mutum ba. Ko layin biredi ya shiga, sai ka ga yana miƙa wuya yana leƙen gaba kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Shi ya sa direbobin tasharmu suka laƙaba masa Gaba-dai. Ni kuma da na zo duniya a bayansa, na koyi tuƙi a bayansa, nake barin tasha a bayansa, sai suka sa mini Sha-ƙura. Wallahi ban taɓa son sunan nan ba, amma duk wanda ya nuna suna ya dame shi, to shi sunan zai raka har kabari, don haka na yi shiru.

Babanmu tela ne, kuma ya so Yaya ya gaje shi. Ina! Da an zaunar da shi a kan keken ɗinki sai ya mai da abin takawa totur, ya riƙa taka shi yana ƙugi da baki har allura ta karye. Ranar da ya haɗe hannun rigar wani malamin makaranta da wuyanta, Baba ya ɗaga rigar ya duba, ya dubi Yaya, ya ce, "Tashi ka je wajen masu mota, ko Allah zai sa su san abin da za su yi da kai." Sun kuwa sani.

Aikinmu kai kaya ne can saman tudun hamada, inda masu haƙa rijiyoyin burtsatse suka kafa sansani, da 'yan tsirarun makiyaya a kewayensu. Muna kai gari da mai da bututu da magani, wani lokaci da fasinja a saman kaya. Daga inda kwalta ta ƙare sai ka fara hawa, ka shiga wani fili na tsakuwa da yashi da baƙaƙen duwatsu, ka yini, ka kwana, ka sake yini ba ka ga rufin ɗaki ba. Rana ta gasa ka, da ta faɗi kuma sanyi ya shiga ƙashinka, har ka wayi gari ruwan jarka ya yi ƙanƙara a baki. Babu hanya a can. Abin da muke kira hanya, sawun motar da ta riga ka wucewa ne. In iska ta taso ta share shi, kowa sai ya zauna a tasha har a sami wanda zai sake buɗewa.

Mai buɗewar nan shi ne Yaya, tun gemunsa yana baƙi. Kowa ya san sawunsa, domin wata irin taya yake sawa mai zane kamar ƙashin kifi, wadda mai facin tasharmu yake nemo masa shi kaɗai. Direba in ya ga ƙashin kifin nan a kan yashi, shi ke nan, ya daina kallon ƙasa. Sai ya ɗora tayarsa a kai, ya kunna rediyo, ya fara hira da na kusa da shi. Na sha ganin wanda yake ɓare gyaɗa da hannu biyu, sitiyari a tsakanin gwiwoyi, don kawai sawun Gaba-dai ne a gabansa.

Ko wajen kwana a daji, dokokinsa ake bi. Ba a kwana a cikin busasshen rafi ko da yashinsa ya fi katifa laushi, domin ruwa kan sauka a wani dutsen da ba ka gani, ya zo maka ba sallama. Mota a kan gangare ake ajiye ta, hancinta yana kallon ƙasa, saboda in sanyi ya kashe batir ka saki birki ta tashi da kanta. Takalmi a saman bonet yake kwana, ba a ƙasa ba, sai dai in kana so ka gaisa da kunama da safe. In baƙo ya iso zangonsa, sai ya miƙa masa shayi kafin ya tambaye shi daga ina. Kuma yana da wata magana da yake yawan yi yana dariya, wai ranar da ya ajiye makullin mota, a aika wa masu haƙar kabari su fara wasa magirbinsu. Mu muna dariya, amma matarsa ba ta taɓa yi ba, domin ta san da gaske yake.

Ita ce ma ta tare ni a ƙofar gida, ana gobe za mu tashi, bayan wata iska da ta kwana biyu tana aikinta.

"Mijina ƙarami, zo nan," in ji ta. Haka take kirana in tana son wani abu.

"Matar Yaya, in kuɗin cefane ne, babban mijin yana ciki."

Ba ta yi dariya ba. Ta rage murya ta ce, "Yayanka ya fara karo da ƙofa. Jiya ya yi fatali da buta a tsakar gida, ya ce wai ni na ajiye ta a kan hanya, alhali nan take zama tun da aka gina gidan. Ka sa masa ido."

Na ce mata haba, mutumin da ke ganin ramin ɓera daga saman mota? Gajiya ce. Ta dube ni irin kallon da take wa yaranta in sun yi ƙarya, ta shige ciki.

Da asuba Yaya ya tashi da akori-kurarsa don ya buɗe hanya. Ni sai da hantsi aka gama yi mini lodin bututu. Washegari kuma Dogo zai biyo mu. Dogo direba ne mai tsohuwar bas, kuma a wannan karon matan ma'aikatan sansanin ya ɗauko da 'ya'yansu, za su je ganin mazajensu.

Da na bar kwalta na sami ƙashin kifin yana jirana, sabo fil, na hau kai na saki jiki. Ban yi nisa ba na ga inda tayarsa ta hagu ta haye wani dutse mai girman turmi, har ta bar baƙin roba a jikinsa. Dutsen da ko ɗan koyo zai kauce masa. Na fashe da dariya ni kaɗai, na ce yau na samu abin tsokana. Can gaba kuma sai ga wani, shi ma ta hagu. Sai wata ƙaya da ya tattake, ita ma ta hagu, mutumin da yake zagin duk wanda ya bari ƙaya ta taɓa masa taya. Daga nan dariyar ta ƙare, na kashe rediyo.

Akwai wani wuri da hanya take bin gefen kwazazzabo mai zurfi, ramin yana hannun hagu. Yaya da kansa ya koya wa kowa cewa a bar faɗin mota guda tsakanin taya da bakin ramin, domin ƙasar wurin ruwa ya cinye ta ta ƙasa, sama ce kawai ta rage. To ni ina tafe, idona a kan sawu kamar yadda na saba tun ina saurayi, ban kalli dama ba ban kalli hagu ba. Allah ne kaɗai ya sa na ɗaga kai. Na ga sarari a inda ya kamata in ga ƙasa. Na taka birki har bututun da ke bayana suka yi kuka.

Na sauko na duba. Sawun Yaya na hagu bai fi tafin hannu da bakin ramin ba, a wani wurin ma ƙasar ta zabtare bayan wucewarsa, ta tafi da rabin ƙashin kifin. Akori-kurarsa ba ta da nauyi, shi ya sa ta sha. Tawa da bututu ba za ta sha ba. Bas ɗin Dogo kuwa, da mata da goyo da ƙullin kaya har saman rufi, ban ma yarda na ƙarasa tunanin ba.

Na ja da baya a hankali. Na ɗauko shebur, na kwance safaya taya na ɗaura mata igiya, na yi abin da ba wanda ya taɓa yi a tudun nan: na share sawun Gaba-dai. Ina jan tayar a kan yashi ina zufa ina masifa ni kaɗai, ina zagin iska, ina zagin duwatsu, ina zagin duk direban da ya taɓa ɓare gyaɗa a hanyar nan, har da ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba ɓacin rai kaɗai ba ne, tausayi ne yake cina. Da na gama na jera duwatsu a bakin tsohon sawun, na buɗe sabo can nesa da ramin, na wuce.

Gab da la'asar na iso wata mararraba inda ake karkata hagu a gindin wani tarin duwatsu da direbobi suka yi alama da shi. Sawun ya nuna Yaya ya wuce alamar bai gan ta ba, ya miƙe cikin yashi mai laushi. Can ya tsaya. Ga sawun takalminsa ya sauko, ya zagaya, ya dawo da ƙafa har gindin alamar, ya daɗe a tsaye a wurin don ƙasar ta dabe. Sannan ya dawo da motar da baya, ya toshe hanyar kuskuren da manyan duwatsu, ya bi daidai. Da na ga duwatsun nan sai na gane ba ni kaɗai na sani ba, shi ma ya sani.

Rana tana shirin faɗuwa na same shi a zango. Ya ajiye mota a kan gangare yadda ya saba, ya ɗaura tampol a jikinta don tare iska, risho yana ci, shayi yana tafasa. Yana zaune a kan tabarma cikin tsohuwar rigar sanyinsa, ƙafa ɗaya a kan ɗaya, kai ka ce falonsa ne.

"Sha-ƙura! Sai yanzu? Kiwo ka tsaya yi wa motar, ko tura ta ka yi?"

"Sannu da hutawa, Yaya."

"Hutawa? Ni da na yini ina yi muku shara? Zauna ka sha shayi, ka ga yadda ka yi fururu."

Ban zauna a gabansa ba. Na ɗauko biredi daga mota, na zagaya ta hagunsa, na durƙusa, na miƙa masa har ya kusa taɓa kafaɗarsa. Ya ci gaba da juya shayi yana ba ni labarin wata barewa da ya gani da safe. Hannuna yana miƙe har ya fara sagewa. Bai gani ba.

Na ce, "Yaya, tun yaushe?"

Ya juyo da sauri, ya ga biredin, ya ga fuskata. Cokalin ya tsaya a cikin kofi.

"Tun yaushe me?"

"Na ga bakin kwazazzabo."

"Sai aka yi yaya? Na wuce ko ban wuce ba?"

"Ka wuce. Ni kuma na share."

"Ka share me?"

"Sawunka."

Na ɗauka zai kwaɗa mini kofin. Jijiyar wuyansa ta tashi, ya nuna ni da cokali. "Kai? Kai da na koya wa bambancin birki da kuloci? Ƙasar nan a cikin kaina take. Ko an ɗaure mini ido da rawani sai in kai ka sansani in dawo da kai!"

Nan fa nawa ya tashi, don ni ma ba kanwar lasa ba ne. "Ƙasar da ke cikin kanka ta bara ce, Yaya! Iska ba ta shawara da kai. Bakin ramin nan ya matso, kai ba ka gani ba, ni ma da nake da ido biyu saura kaɗan in bi ka, don ban saba kallon komai ba sai tayarka. Gobe Dogo zai taso da mata da yara. Ka san Dogo. Kana ganin zai kalli ƙasa?"

Risho yana ta huci, iska tana kaɗa tampol. Ya karɓi biredin daga hannuna, ya gutsura, bai ci ba.

Can ya ce, "Kamar labule aka ja mini daga wannan gefen. Da can kaɗan ne, yanzu ya kusa rabi." Ya ɗan murmusa. "Na ɗauka zan iya da shi, in riƙa juya wuya. Sai in manta."

"Matarka ta sani."

"Wannan ai ko tari na yi a nan sai ta ji a gida."

"To yanzu me za mu yi?"

"Za mu yi salla, mu ci abinci, mu kwanta. Kai fa garaje ne da kai tun kana yaro."

Haka aka yi. Ban ɓoye muku ba, na yi tunanin in zare masa makulli in ɓoye a takalmina. Amma na san mutumin da nake tare da shi. In na ƙwace masa mota da ƙarfi, zai koma gida ya zauna a ƙofa ya bushe a tsaye, ni kuma in rasa bakin da zan gaishe shi. In na ƙyale shi ya yi gaba, wata rana wani zai bi ƙashin kifin nan har lahira. Na ja bargo ban zaɓi ko ɗaya ba.

Gari na wayewa na ji ya tashi motarsa. Na yi wuf na miƙe, ban ko girgiza takalmi ba. Ya riga ya naɗe tampol, ya ɗaure kaya, yana zaune a bayan sitiyari, injin yana ɗumi. Na tsaya ina jiran in ga ya sa giya. Bai sa ba. Na haɗa nawa kayan ina satar kallonsa, na tashi tawa motar, na zauna. Can sai ya sauke gilas ya leƙo.

"Malam, hoto kake jira a ɗauke ka? Wuce mana!"

Na sauko na zagaya ta tagar dama, inda zai gan ni. "Yaya..."

"Kada ka yi mini Yaya. Saurara. Rage iskar tayoyinka, ina son sawun ya yi zurfi ya yi faɗi, yadda ko makaho zai lalube shi. Kada ka yi nisan da zan daina ganin bayanka. In ka ji oda ɗaya, ka karkata dama. In ka ji biyu, hagu. In ka ji na danne ban saki ba, to shirme kake yi, ka tsaya in zo in gyara maka zama."

Na durƙusa ina sace iskar taya, ina goge ido da hannun riga, ina ce wa kaina sanyi ne.

Ban taɓa sanin haka gaban hanya yake ba. Fili fetal, ba layi ko ɗaya a kansa, rana tana fitowa a kan duwatsu, kowace ƙasa da launinta. Sai na ga ashe duk abin da ya shekara yana faɗa a zango ya zauna mini. Yashi mai sheƙi tarko ne, mai tsakuwa baƙa yana ɗaukar nauyi, inda ciyawa ta yi layi akwai rami a ƙarƙashi. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, na miƙe. In na duba madubi sai in ga akori-kurar tana tafe daram a cikin sawuna, ba ta kauce ko da ɗan yatsa ba.

Odar kuwa ban huta da ita ba. Da muka tsaya cin abinci da rana ya sauko yana girgiza kai. "Wannan kwanar da ka sha a bayan dutse, tuƙi ne ko rawa? Ka tuna bas ce za ta bi, ba keke ba. Buɗe kwana, ka ba mutane wuri." Na ce to. Ya ƙara da cewa, "Amma gangaren can ka sauke shi daidai." A bakin Yaya, wannan kyautar doki ce.

Mun isa sansani kafin magariba, muka sauke kaya. Washegari da yamma bas ɗin Dogo ta iso tana nishi, yara suna leƙe ta taga, maza suna gudu suna tarbar iyalansu. Muna zaune a rumfar mai shayi tare da wasu direbobin tanka, sai ga Dogo ya shigo yana karkaɗe hula, ya nufi Yaya da hannu biyu.

"Kai, Gaba-dai, Allah ya bar mana kai! Jiya dai na ga wasu 'yan gyare-gyare, na ce ko gwajin sabuwar hanya kake. Amma daga zangonku zuwa nan? Wallahi ban taɓa bin sawu mai daɗin wannan ba. Har gyangyaɗi na yi. Tsufa ya bi ta kanka ya wuce bai gan ka ba."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Wanda ya biyo baya, tayarsa ce take hawa sama. Duk tsawon hanyar nan ƙashin kifi Dogo ya gani, nawa yana ƙarƙashi a binne. Na sunkuyar da kai cikin kofina. Na ce a raina shi ke nan ma, Allah ya rufa asiri. In haka za mu riƙa yi, ni a gaba shi a baya, ba wanda zai taɓa sani, kuma na yarda, ko da za a kira ni Sha-ƙura har in mutu.

Yaya ya ajiye kofinsa a kan benci.

"Dogo, in za ka koma, ka sauko ka tona da yatsa. Akwai wani sawu a ƙarƙashin nawa, shi ka bi." Ya ɗaga murya yadda na ƙarshen rumfa zai ji. "Ku saurara, ku kai wa na tasha. Idona na hagu ya tafi. Daga yau duk wanda ya ga tayata ita kaɗai a kan yashi, kada ya bi ta, ko da ni na roƙe shi da bakina."

Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Dogo ya zauna a hankali.

"To me kuke kallo? Mutuwa na ce na yi?" in ji Yaya. "Mota tana nan, ni ina nan, kayanku za su iso. Mai buɗe hanya ne ya canza. Ina yake ma?"

Ina zaune a gefensa, kafaɗata tana gogar tasa, amma ta hagu. Sai da ya juyo da wuyansa gaba ɗaya kafin ya same ni. Ya dube ni da idon da ya rage masa, ya dafa gwiwata.

"Gobe ka tashi da wuri," in ji shi. "Ba na son jira."